Tayar gaba da ke ficewa daga wili da safe a bakin teku

'Yan'uwa masu koyon tuƙin rairayi, a ƙarshe dai an gano abin da ke fitar da tayar gaba daga wili ranar komawa gida, kuma sauƙin amsar har haushi ya ba ni. Na ɗora wa wili laifi, na ɗora wa bawul, ashe lissafin zafi ne kawai.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka taso kan kwalta da iskar taya psi 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), ka sauka burji mai gargada ka rage zuwa 26 ko 28. Sa'o'in nan na girgiza suna dafa taya, har ta kai ba ka iya barin tafin hannunka a kanta. Da la'asar ka iso tudun rairayin ƙarshe kafin gaɓa, ka sace iska zuwa 15, mota ta haye lafiya, ka kafa tanti. To, wannan 15 ɗin na taya mai zafi ne. A irin wannan ƙarancin iska, kowane digiri 10 na Celsius da taya ta huce yana tafiya da kusan psi 1. Tayar da ke digiri 50 da yamma, ta wayi gari a digiri 15, ta yi asarar psi 3 zuwa 4. Wato da asuba kana kan 11 ko 12 ba ka sani ba, kuma a nan ne leɓen taya, wato bakinta da ke kama wili, ke fara sakinsa idan ba irin wilin da ke matse leɓe da notuna ba ne.

Sai a ƙara da halinmu na safiya: mota cike da lodi, gabanta na kallon teku, a murɗe sitiyari har ƙarshe a taka totur don a juya a ɗan fili. Nauyin duk ya koma kan tayar gaba ta waje, rairayi ya tokare gefenta, sai ka ji fus, mota ta durƙusa.

Gejin auna iska ma yana da nasa laifin. Wanda ke auna har psi 60 ko 100 ba abin dogaro ba ne a ƙasa da 20. A nemi mai tsayawa a 30.

Abin da ya yi aiki, kuma ina alfahari da shi: tun da yamma, taya na da sauran ɗumi, a juya mota ta fuskanci hanyar fita, a ajiye ta sama da layin ciyawar teku da ruwa ya bari, musamman a sabon wata da tsakiyarsa da tumbatsa ke wuce inda ta saba. Da safe a auna duk huɗun kafin a motsa, a mayar da su 16. A tashi a ƙaramar giya ta fowil, lamba biyu, sitiyari a miƙe. Kwana kuma a yi ta da faɗi.

Idan ta riga ta fice, a tsaya nan take. Mita kaɗan na gungurawa sun isa wili ya yanke gefen taya, gefe kuwa ba ya ɗaukar faci. Sabuwar taya sukutum ta tafi a kan haka, kuɗin da aka tara don sayen tanti mai kyau. A shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, in ba haka ba jak ne zai nutse, mota na nan inda take. A haƙe rairayin ƙarƙashin tayar har ta rataye. Daga nan aikin da kowa ke gajen haƙuri da shi: wanke leɓe da bakin wili da ruwa, ciki da waje, sai yatsa ya daina jin tsakuwa. Ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta riƙa tsiyayar da iska duk yini. A shafa ruwan sabulu, a cire ƙwayar bawul don iska ta shiga da ƙarfi, a zagaye bayan tayar da bel ɗin ɗaure kaya a matse. Da ta fara kama iska a sassauta bel ɗin, a janye yatsu, a jira ƙarar zamanta. In ta kai 40 ba ta zauna ba, a sace a sake wankewa. Dabarar zaunar da leɓe da fetur da ashana da ake yaɗawa kuwa, ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Na so in yi bayanin lokacin janyewar ruwa da lissafin mai a wannan karon, amma kwampreso, wato injin hura iska, ya tare gaba. Na soket ɗin cikin mota bai isa wannan aiki ba, fiyus ɗin soket amfa 10 ne ko 15, mai ƙarfi kuwa yana jan 30 ko fiye, don haka sai mai maƙalawa a kan batir, inji na aiki. Ko shi ɗin, wajen mayar da tayoyi daga 16 zuwa 35 a bakin kwalta, yana zuwa taya ta uku yake yanke wuta don zafi, sai an jira ya huce. Ajiye shi a inuwar mota a kan katako ya ɗan taimaka. Gwaji na gaba shi ne a cika huɗun zuwa 26 tukuna, a ba shi hutu, sannan a ƙarasa.