Godiya bayan aikin ƙodar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da la'asar Baba ya dawo gida Ƙofar Doka, kwana biyar bayan an cire masa ƙodar hagu.

Wanda ya san Baba ya san an sha daga kafin ya yarda. Shekara 78, ga hawan jini, ga suga. Tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsari har ƙodar ta kumbura ta daina aiki, kullum zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Da aka ambaci tiyata, cewa ya yi shi ba ragon layya ba ne da za a feɗe. Likita ya ja kujera ya zauna kusa da shi, ya yi masa bayani dalla-dalla: ƙananan huji ne, kowanne kamar faɗin ɗan yatsa, a hura cikin da iska, a zura kyamara, a yi aikin ana kallon allo, sai guda ɗaya da za a ɗan faɗaɗa a fito da ƙodar. Bai ɓoye mana ba cewa iskar nan tana takura zuciya da huhun tsoho, kuma in abu ya cije dole a buɗe cikin. Allah Ya saka masa da alheri.

Sai likitar sa barci, irin waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Ita ta ɗage aikin mako biyu har suga ya daidaita, ta sa aka yi hoton zuciya, aka dakatar da asfirin. A lokacin na ji haushi har na nuna a fuska. Hajiya, ki yafe mini.

Nas-nas kuwa washegarin aikin suka tayar da shi yana takawa, don kada jini ya daskare a ƙafa, yana ta mita wai an yi aiki a ƙoda ga shi kafaɗa ke ciwo. Ashe ragowar iskar ce.

Samarin unguwa da suka ba da jini, Kawu da motarsa ta sha hanyar asibitin Shika, Gwaggo mai kunun safe, liman da jama'ar masallaci, da ku da kuka yi ta bugo waya, Allah Ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi. Don Allah kada a kawo masa jiƙo ko maganin ciwon jiki irin su diclofenac, likita ya hana, ƙoda ɗaya ce ta rage masa.