Farar saniya da launuka huɗu

Yau da hantsi na zauna a gefen dam ɗin Lamingo da ke Jos domin in zana wata farar saniya Bunaji da ta ware daga garke tana kiwo, kuma na ƙuduri aniyar ba zan taɓa wani fenti ba sai guda huɗu: fari, baƙi, ja da rawaya mai launin ƙasa, irin haɗin da ake danganta wa Anders Zorn, mai zanen nan ɗan ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920. Tozonta da ƙahonninta da baƙin kunnuwanta ba su ba ni wahala ba. Inuwar da ke ƙarƙashin cikinta ce ta tsayar da ni, domin idona yana ganin ta shuɗiya, alhali kuwa babu shuɗi a cikin kayana. Na ɗiga baƙi kaɗan a cikin fari, na samu ruwan toka, na shafa shi daf da rawayar busasshiyar ciyawa, sai ga shi ya rikiɗe shuɗi-shuɗi saboda ɗumin launin da ke kewaye da shi.

Yaron da ke kiwon ya leƙo ta bayana, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wallahi ita ce." Maganarsa ta sanyaya mini rai ƙwarai. Har na iso gida ina tunanin yawan shekarun da na yi ina ɗauka farar saniya fara ce kawai.