Daga Jos zuwa Kaltungo da naira 1,400 a jaka

Ran Asabar 18 ga Fabrairun 2023, saura sati ɗaya zaɓen shugaban ƙasa, ƙanina ya kira ni da asuba wai jikin Mama ya tashi, in taho. Lokacin canjin kuɗi ne, an sake fasalin 200 da 500 da 1,000, tsofaffin an ce a daina karɓa sababbin kuma babu su, kana da kuɗi a akawun amma ko biredi ya fi ƙarfinka. Kwana biyu kafin nan ne Buhari ya ce a ci gaba da karɓar tsohuwar 200, to guda bakwai na tattaro a ƙasan akwatin ɗinkina, su ke nan. Mai POS na unguwarmu ya ce ko zan ba shi kai na ba shi da tsaba.

Na durƙusa bakin gado, addu'ar ma ta ƙi fita, abin da na iya cewa kawai Uba ka ga hali na. Na fita.

A tashar Bauchi Road direban Gombe ya ce shi tsaba zai karɓa don gidan mai ba sa karɓar taransfa. Na roƙa na roƙa har ya yarda, na tura, kuɗi ya fita daga wajena shi kuma alat bai shigo ba. Muna tsaye rana na yi, fasinja na ta mita. Can ya dube ni ya ce, "Madam shiga kawai, in ya shigo a hanya shi ke nan, in bai shigo ba Allah ya san da mu." Sai da muka wuce Toro wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga min hannu ta madubi.

A Bauchi an tsaya, ƙamshin masa ya cika ko'ina amma na danne, don ina lissafin kuɗin mota daga Gombe zuwa gida. Mun haye gadar Dindima, kafin Alkaleri mota ta fara shaƙewa ta mutu, man da ya saya a hannun 'yan bumburutu ne ashe da ruwa a ciki. Awa uku muna gindin wata bishiyar darbejiya ga iskar hunturu da ƙura, tun shayin jiya ban sa komai a baki ba, har hannuna na rawa. A nan ne gaskiya zuciyata ta karaya, na fara yi wa Allah gunaguni a raina, ina ba da zakka ta, ba na fashin sujada, don me zan zauna a daji uwata na kwance.

Wata tsohuwa da ke kujerar baya, tun Jos ba ta ce uffan ba sai jan carbi, ta kwance ƙullin zani ta fito da ƙosai da dafaffen rogo da ƙuli. Ta miƙo min. Na ce na gode Baba na ƙoshi. Ta ce, "Ke 'yar nan, fuskarki ba ta mai ƙoshi ba ce, ci." Na ciro 200 ta ture hannuna har da harara. Ina ci hawaye na zuba kan rogon, labarin Iliya ne ya faɗo min, 1 Sarakuna sura 17, da muka karanta a zumuntar mata. Hankaki ke kawo masa gurasa da nama safe da yamma a rafin Kerit, da rafin ya ƙafe aka tura shi wurin gwauruwar Zarefat mai ɗan gari a tukunya da ɗan mai a tulu. Abin da ban taɓa lura ba sai ranar, ba a cika mata rumbu ba fa, garin ne dai bai ƙare ba, kullum ta sa hannu ta samu na ranar. Ni kuma rumbu nake ta nema tun asuba.

Mun shiga Gombe bayan magariba. Motar Kaltungo ta ƙarshe kuɗin da ake nema ya fi abin da ke hannuna, na tsaya ina juya takardun nan bakwai. Wani saurayi mai zuwa Billiri ya ce in tura masa ya biya min da tsaba, bai ɗora ko sisi ba, kuma wannan karon nan take ya shiga. Muka bi ta Kumo cikin duhu, ya sauka Billiri ko sunansa ban tambaya ba.

Na samu Mama an sa mata ƙarin ruwa tana barci, hawan jini ne da zazzaɓi. Washegari Lahadi mai kemis ya ce shi ma tsaba kawai, na tambayi kuɗin maganin da aka rubuta ya ce 1,200. Na ƙirga masa guda shida, ta bakwai na riƙe na tafi majami'a na sa a baiko. Da na dawo Mama ta farka tana tambaya ko na ci abinci a hanya, na ce na ci, wata baiwar Allah ce ta ba ni.