Abin da buga zanen takunkumi ya koya mini

Makon jiya na miƙa wa maigida makullin shago. Ina tattara kayana sai na ci karo da tsohon fim ɗin hoton ƙirji, wanda na yanke dagi a jikinsa da reza a 2020, shuɗin fenti ya bushe a gefe-gefensa. Na daɗe ina jujjuya shi a hannu.

Duk wanda ya zauna shagon tela a Kano lokacin korona ya san yadda aka sha. Tun 16 ga Afrilu aka kulle gari, azumi ya kama, ɗinkin sallah ya tsaya cak, ba abin da ke tafiya sai takunkumin rufe baki da hanci. Kantin Kwari a rufe, yadi da roba sai ka bi ɗan kasuwa har gida. Kowa na haɗa ƙyallayen atamfa, ni kuwa na ce mu fito da namu daban. In shimfiɗa farin yadin auduga a tebur, in ɗora fim, in dangwali fenti da soso in daddanna a hankali. Dagi ɗaya a kunci, shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata. Cikin ikon Allah ya karɓu.

Sai wata ƙungiya ta kawo aikin guda 400, kwana uku suke so. Na san ba zai yiwu ba. Sabon yadi da sitacinsa yake zuwa daga kamfani, in ba a wanke ba fenti a kan sitacin yake zama, ba ya kama zare. Bayan an buga kuma sai ya kwana ya bushe, sannan a bi ta bayansa da guga mai zafi na 'yan mintuna, shi ne zai zauna daram. Na ce, "Maigida, a roƙe su ƙarin kwana biyu, mu wanke mu goge." Ko ɗago kai bai yi daga keke ba. "Kai dai buga. Wa zai tsaya wanki da guga, ga ba wuta?" Ga dutsen guga na gawayi a ƙarƙashin tebur, ina ganinsa. Na yi shiru na ɗauki soso. Shirun nan har yau yana ci mini rai, domin ba rashin sani ba ne, nauyin bakin maigida na ji.

Zafin Mayu a Kano, ga zufa ga tururin numfashi. Mako bai cika ba wani dattijo ya shigo da leda cike da takunkumanmu, wasu zanen ya ɓare, wasu ya zuba a wankin farko. Ya nuna wuyan farar rigarsa, shuɗi ya ɓata ta. Kafin in buɗe baki maigida ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, yaron nan ne, sai da na ce masa ya bi a hankali." A gaban yaran shago ya faɗi haka, yaran da ni nake koya musu yanka.

Ni na sake aikin, daga buɗa-baki zuwa sahur, ina fifita gawayi ina guga ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin yadin kuma daga haƙƙina aka cire, wata uku. Kuɗin na yafe tuntuni. Maganar ce ba ta fita daga raina ba, kuma maigida bai taɓa tayar da ita ba ko da wasa.

Sauran abubuwan na tsince su a hanya. Kafin ka buga da yawa, buga ƙyalle ɗaya ka wanke da ruwan zafi da omo ka gani. Kada zane ya hau saitin hanci da baki, fenti na toshe ƙofofin yadi, ga wari. Shafin ciki a bar shi fari. A watan Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shafi uku, muka koma haka. In kuma babba ya sa ka abin da ka san ɓarna ne, maimaita masa a gaban mutum na uku, cikin ladabi.

Wancan dattijon ya dawo daga baya da aikin riguna, ya ce wanda ya sake takunkuman nan shi yake so ya buga masa. Da na miƙa makullin, maigida ya sa mini albarka, na amsa da amin, na saka fim ɗin a aljihu na fito.