Gareji ba turken wuta: yadda sola da janareta suka raba aiki a wurina

Filin da na kafa garejina yana bayan Janguza, kan hanyar Gwarzo, inda gari bai gama isowa ba. Turken wuta mafi kusa da mu yana da tazara, wadda in ka ce za ka sayi turaka da waya ka jawo da kuɗinka, sai ka haɗa da sayar da filin kafin ka cika. Don haka tun ranar da aka buga kwano na cire wutar Nepa daga lissafi. Da ƙaramin janareta na fara, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai, kuma ya yi mini aiki daidai gwargwado har zuwa 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Ƙona irin wannan fetur don kawai a kunna ƙwai huɗu da fanka ya zama wauta.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne zaman da muka yi da wani abokina rewaya, da takarda da biro. Ya ce, "Oga, kafin ka je Sabon Gari ka tambayi kuɗin komai, rubuta mini duk abin da kake kunnawa, da wat ɗinsa, da awa nawa yake yi." Da muka jera, sai kayan suka rabu gida biyu da kansu. Gida na farko ƙananan kaya ne masu daɗewa a kunne: ƙwayayen LED shida masu wat 10, awa biyar, wat-awa 300 ke nan a rana (wato wat sau awa), fanka biyu masu wat 25, awa takwas, 400, fitilun tsaro biyu na waje da ke kwana a kunne, 200, cajin waya da rediyo da kwamfutar da nake duba matsalar mota da ita, kamar 300. Duka-duka 1,200 a wuni. Gida na biyu kuwa manyan ne masu ɗan gajeren aiki: injin walda, kwamfuresa, babbar giranda. Kowannensu a minti ɗaya yana jan ƙarfin da ya ninka na gidan farko gaba ɗaya, amma a wuni wataƙila ba za su yi awa guda cif suna aiki ba.

Duk abin da na yi daga baya a kan wannan rabon ya tsaya. Haske abu ne mai araha, ƙarfi kuma abu ne mai tsada, kuma mafi yawan waɗanda na ga sun yi kuka da sola sun so ne tsari ɗaya ya ɗauki duka biyun.

Kafin ma a zo maganar farantin sola, akwai hasken da Allah ya ba mu kyauta. Na cire fallen kwano uku a saman inda ake aiki na maye su da fallayen roba masu barin haske ya ratso, na kuma shafe bangon ciki da farin fenti. Wannan kaɗai ya sa daga hantsi zuwa la'asar sakaliya ba mai taɓa makunni. Sai dai kada a cika su da yawa, domin inda haske ya shigo zafi ma yana biyo shi, kuma a watan Afrilu na Kano, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ba ka son ƙarin rana a kan wuyanka.

Farantai biyu na sa, kowanne wat 250. Ƙasarmu tana samun rana mai ƙarfi ta kimanin awa biyar zuwa shida a wuni, amma kada mutum ya ninka 500 sau biyar ya ce yana da 2,500. Zafi yana rage wa faranti ƙarfi, tunda lambar da aka rubuta a bayansa an auna ta ne a digiri 25, shi kuwa a kan kwanonmu yana yin zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Ƙura tana cin nata, waya da caji suna cin nasu. Ni kashi 70 cikin ɗari nake lissafawa, wato wajen 1,750, kuma wannan ya rufe buƙatata har da rara don ranakun hadarin Agusta. An kafa su suna kallon kudu, an ɗan karkata su kaɗan, saboda Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. An bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da kwano don iska ta riƙa ratsawa. An kuma yi musu firam na ƙarfe aka walde, domin gareji a bayan gari ne, kuma faranti kaya ne mai saurin shiga kasuwa.

A batir ne nake so na ɗan daɗe, don nan kuɗin yake, nan kuma ake yi wa kanikawa tarko. Kowane gareji yana da tsofaffin baturan mota a jibge, kuma zuciya za ta ce maka ga batir a banza, me za ka je saye? To batirin mota dokin sukuwa ne, an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙu kaɗan ya tayar da inji, alteneta ta mayar masa nan take. Na sola kuwa jaki ne, a hankali yake tafiya da kaya tun daga magariba har asuba. Faifan dalmar da ke cikin na mota sirara ne, in ana sauke shi ƙasa kullum ba ya jimawa. Na sayi dogon batirin nan na ruwa da ake kira tubula, mai 200Ah. A lissafi, 200 sau bolt 12, wat-awa 2,400 ke cikinsa, amma rabi kawai naka ne. In kana wuce rabi kullum, kana rage masa kwana ne. Da ƙaramar mita nake duba shi da sassafe kafin rana ta fito: in yana wajen bolt 12.7 a cike yake, in ya sauko 12.1 ko 12.2 ya kai rabi, in ya yi ƙasa da 12 to wani ya yi abin da bai kamata ba da daddare. Amfaninmu na dare bai fi 600 ba, tunda fanka da kwamfuta da rana suke aiki, lokacin da faranti ke ciyar da su kai tsaye.

Zafi ma maƙiyinsa ne. Batirin dalma da ke zaune a wuri mai zafi yana mutuwa da wuri fiye da wanda ke inuwa, don haka na gina masa ɗan akurki da bulo a gefen arewa na ginin, da ramukan iska sama da ƙasa. Ramukan ba don sanyi kaɗai ba ne. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta. A wurin da ake walda da yankan ƙarfe wannan ba abin wasa ba ne. Duk wata ina buɗe murafunsa na duba ruwa, in ya ja baya na ƙara ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba, ba na leda ba, kuma ba a ƙara asid.

Na'urar da ke tsakanin faranti da batir iri biyu ce a kasuwa, PWM da MPPT. Ta farko ta fi araha, amma da manyan farantai irin nawa, waɗanda ke fitar da bolt 30 da wani abu, tana zubar da babban kaso na ƙarfin saboda tana jawo farantin ƙasa zuwa matakin batir. MPPT tana juya rarar ta zama caji. Na ɗauki mai am 40. A lura, akwai masu rubutun MPPT a jiki alhali cikinsu PWM ne. Ta gaskiya tana da nauyi a hannu saboda naɗin wayar da ke cikinta, kuma ba a samunta a kuɗin banza. Araha ba ta ado.

Fitilu da fankoki duk masu bolt 12 na saya, suna shan wuta kai tsaye daga batir ba tare da sun bi ta inbata ba, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta Nepa mai bolt 220. Dalili biyu ne. Inbata ko ba ta ɗauke da komai tana cin nata, wat ashirin ko talatin a tsaye, wanda in ta kwana a kunne ta cinye abin da ya kai na fitilun tsaro. Na biyu kuma ramin da muke shiga ƙarƙashin mota. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a rami yake taruwa, ga danshi ga ƙarfe ko'ina. Fitilar hannu mai bolt 12 a rufe cikin roba ta fi kwanciyar hankali a can fiye da waya mai 220 tana jan ƙasa. Abin da bolt 12 ke buƙata shi ne waya mai kauri, don in ta yi siriri kuma ta yi tsawo, ƙwan ƙarshe zai riƙa ci kamar mai jin barci. Na yi amfani da waya mai kaurin 2.5mm² a layin fitilu. Wajen sayen waya kuma a kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla.

Inbata tana nan, mai wat 1,000, irin mai fitar da tsaftatacciyar wuta, amma sai za a yi amfani da ita ake kunnawa: cajin baturan dirila da na'urar kwance noti marasa waya, ƙarfen sida, kwamfuta. In ta ɗauki cikakken kaya tana jan kusan am 90 daga batir, shi ya sa wayarta gajeriya ce mai kauri irin ta kan batirin mota, da fis dab da kan batirin. Wanda ya taɓa ganin sifana ta haɗa kawunan batir biyu ya san abin da fis ɗin yake tsarewa.

Manyan kaya na bar wa fetur. Kwamfuresa mai doki biyu wat 1,500 take ci tana gudu, amma a lokacin tashi tana fizgar ninkin haka sau uku ko fiye, kuma inbatar da za ta jure wannan tare da baturanta ta fi ƙarfin aljihuna. Na yi abin da masu faci suka daɗe suna yi, kwamfuresa mai injin fetur nata na kanta, a cika tanki a kashe. Walda kuma sai mu tara aikin wuni, a tayar da babban janareta sau ɗaya a gama, a haɗa da giranda a lokacin. Janaretan yana waje, a ƙarƙashin rumfarsa, bakin salansa yana kallon fili. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ta sha kashe iyali guda a ɗaki cikin barci, don haka ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya shigowa ciki.

Wahalar da ta fi yawa ba daga kayan take zuwa ba, daga mutane ne. Yaran gareji in mota ta ƙi tashi, idonsu kan babban batirin yake zuwa. Mai gadi yana son ya jona hita ya dafa shayi, ita kuwa hita ɗaya wat dubu ce ko fiye. Maƙwabta suna aiko da wayoyi a leda. Na sa wa akurkin batir kwaɗo, na ware soket ɗaya na cajin waya da ke aiki da rana kawai, na saya wa mai gadi ɗan risho. Da na ce wa babban yarona kada na sake ganin an taɓa batirin, sai ya ce, "Maigida, ai minti ɗaya ne." Na nuna masa mita washegari da safe, bai sake ba.

Sai hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rage rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi har ka iya rubuta sunanka. Caji yana raguwa ƙwarai in an bar su. Yaro yana hawa da sassafe ko bayan la'asar da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗauki zafi. A watannin nan nakan rage fitilar tsaro ɗaya in na ga mita tana saukowa.

Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, har abokan sana'a da ke cikin gari masu mita suna zuwa kallon yadda na haɗa nawa. Tambayarsu ta farko kullum ita ce ko zai ja walda, ni kuma nakan miƙa musu takarda da biro. Idan wannan tubula ya gama kwanansa, litiyom nake niyyar saye, irin LiFePO4, domin ana iya shan kashi 80 na cikinsa ko fiye, ba ya son ruwa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Na'urar cajin da nake da ita tana da saitinsa, farantan ma za su ishe shi, don haka batirin kaɗai zan canja. Walda da kwamfuresa dai suna nan kan fetur.