Rigar da ke ƙarƙashin kwat ɗin Baba Mayo

Asabar, Greenford, yammacin Landan.

Da safe na sauko daga aikin dare a asibiti, ko runtsawar kirki ban yi ba sai ga Ummi tsaye a kaina da takalman ƙwallonta a hannu, tana da wasan ƙwallon Gelik, wasan mutanen Ailan. Abbanta ya tafi kai fasinja filin jirgi, ke nan ni ce direba. Auta ya ce shi ma ƙafarsa ƙafarmu. Wasan bai dame shi ba, biskit ɗin da matan kulob ke rabawa yake hari.

An kwana ana ruwa, filin ya yi caɓa-caɓa. Na tsaya a bakin layi da filas ɗin shayi, ina hamma ina kallo. Ummi dai hannu ya faɗa, masha Allah. Ta cusa bakin hijabinta cikin wuyan jesi, ta cafke ƙwallo a ƙirji, ta yi taku huɗu, ta sake ta kan ƙafa ta dawo da ita hannu tana cikin gudu, sannan ta naushe ta zuwa ga ƙawarta. A ƙwallon Gelik ba a jifa, sai naushi ko shuri. Gab da tashi ta ɗaga wata ta wuce saman sandar raga, tsakanin dogayen turakun nan biyu. Maki ɗaya. Da ta shiga raga, uku ne. Har gobe in Abbanta ya ga ƙwallo ta bi sama sai ya dafe kai ya ce an ɓarar, alhali kowa tafi yake yi.

Bayan an tashi koci ta tara yaran ta ce a gaya wa iyaye su fara shirin tikitin Ruislip, inda filin tawagar Landan yake, don lokacin gasar Connacht ta yammacin Ailan ya kusa. Baba Mayo, wani tsoho ɗan gundumar Mayo ta Ailan, yana gefe yana wanke ɗan kurar nan da yake zana layin fili da ita, farin fenti ya ɓata masa takalmi har idon sawu. Ummi da rashin tsoro ta je ta tsaya a gabansa.

"Baba, ranar da Mayo za ta zo ta kara da Landan, wa za ka goya wa baya?"

Ko uffan bai ce ba. Ya ajiye burushi, ya zuge zip ɗin kwat ɗinsa, ya buɗe ƙirji. Koriyar riga mai jan ɗamara a tsakiya, rigar Mayo, duk ta koɗe. Ya mayar da zip, ya ci gaba da wanki.

Yaran suka kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa.

Ga waɗanda suka shigo shafin nan kwanan nan: ƙungiyar da ke riƙe da waɗannan wasanni, GAA, an kafa ta ne a garin Thurles na ƙasar Ailan a 1884, kuma komai nata a kan gunduma yake tafiya. Gunduma 32 ne a tsibirin, kowace da launin rigarta. Da talauci ya kwaso mutanensu ya watsa a duniya, sai suka tafi da tsarin sukutum. Landan ta kafa nata kwamitin tun 1896, kuma a takardun GAA gunduma ce kamar sauran. Haka Warwickshire da Lancashire da Yorkshire, har Sikotland ɗungurungum gunduma ɗaya ce a wurinsu. Tun 1975 aka saka Landan cikin gasar lardin Connacht, wato yammacin Ailan, inda da yawa daga cikin leburorin da suka cika Kilburn da Cricklewood suka fito. Gundumomin lardin biyar ne, har da Mayo, suna karɓa-karɓa, kowace shekara ɗaya ta hau jirgi ta zo filin McGovern Park a Ruislip. Niyu Yok ma an ba ta irin wannan kujera tun 1999, ita tana karɓar baƙinta a Gaelic Park da ke Bronx.

To, shi Baba Mayo tun shekarun 1960 yake garin nan. A nan ya yi haƙar ramin bututu har bayansa ya ranƙwafa, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa ta fari. Jikansa ya sa rigar Landan ta matasa, hoton yana manne a ɗakin shayi. Filin da muke tsaye a kai shi ke aske masa ciyawa, ko sisi ba a biyansa. Na matsa kusa na ce, "Haba Baba. Shekara nawa kana cin abincin Landan, a ce ranar da za ta fita fage kana bayan baƙi?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Maman Ummi, Landan ta biya ni kuɗin aikina duk Juma'a. Ba na bin ta, ba ta bi na. Gunduma kuwa ba a zaɓenta, a ciki ake tsintar kai."

Na ce jikansa fa?

"Shi ɗan Landan ne, Allah ya ba shi haƙuri."

Daga nan bakinsa ya buɗe, ku kun san shi. Ya ba ni labarin 2011, da Mayo ta zo Ruislip tana ganin za ta yi wasan motsa jini ta koma, Landan ta riƙe mata wuya sai da aka shiga ƙarin lokaci kafin ta kuɓuta. Ya ce ranar saura ƙiris a kawo shi asibitinmu. Sai 2013, shekarar da Landan ta doke Sligo, ta doke Leitrim bayan an maimaita wasa, ta kai wasan ƙarshe na Connacht karon farko a tarihinta. Kuma da wa za ta haɗu? Da Mayo, a gidanta, Castlebar. Gidansa ya rabu biyu, jirgi ɗaya suka hau, rabi da kore da fari, rabi da kore da ja. Mayo ta ci raga 5 da maki 11, Landan maki 10 kacal. "Na tafa wa yaran Landan sosai," in ji shi, "bayan na tabbata ba za su iya kamo mu ba."

Na yi dariya ba da son raina ba. Amma ban sake shi ba, don ni ma ina da nawa makamin. Duk lokacin da nake jiran Ummi a ɗakin shayi, allunan tarihin da ke bango nake karantawa. Na ce masa manyan kofunan Ailan guda biyu, wanda ake ba zakaran ƙwallo da wanda ake ba zakaran hurling, wasan nan nasu na sanda mai kama da ƙwallon gora, ai dukansu sunan mutanen Landan suke ɗauke da shi. Sam Maguire ma'aikacin gidan waya ne a nan, ya buga wa Landan, ya shugabanci kwamitinta. Liam MacCarthy kuwa a Landan aka haife shi ma. Kuma kofin hurling na 1901 Landan ce ta ɗauka, ta doke Cork. In waɗannan ba su ji kunyar rigar Landan ba, shi wane ne?

Ya yi shiru yana matse burushi. Can ya ce, "Sam a Dunmanway yake kwance, a Cork, wurin danginsa. Ya koma gida."

Na ce MacCarthy kuma yana Camberwell, nan kudancin kogi.

"Shi ai gidansa ke nan." Ya ɗauki bokiti. "Ni na riga na biya kuɗin wurina, kusa da mahaifiyata. Jirgi zai sauke ni a Knock, can Mayo, mota ta ƙarasa da ni. Yara sun sani."

Haka ya faɗa, kamar mai maganar sayen burodi, ya juya ya nufi famfo.

Wani abin da ya sa nake tausaya masa ko ina jin haushinsa: rabon Mayo da kofin Sam Maguire tun 1951. Daga lokacin sun kai wasan ƙarshe sau 11, sau 11 suna dawowa hannu rabbana. Mutanensu na cewa baki aka yi musu, wai tawagar 1951 ta wuce jana'iza a Foxford tana shagali ba ta tsaya ba, limamin coci ya ce ba za su ƙara ci ba sai duk sun mutu. Baba ya ce shi bai yarda da camfi ba. Amma da na taɓa tsokanarsa da zancen, sai da ya yi alamar gicciye.

A mota Ummi sai zuba take. Mu za mu ci su, mu muna da sabbin 'yan wasa, mu yanzu akwai haifaffun nan da yawa a tawagarmu. Wai ai Niyu Yok ma sai da ta shekara fiye da ashirin tana shan kashi kafin ta doke Leitrim da bugun fenareti a 2023, don haka mu ma ranarmu na zuwa. Koci ta gaya musu akwai kulob fiye da 400 a wajen Ailan, kuma a gasar duniya da aka yi a Derry a 2023 akwai tawagogin da ba ɗan Ailan ko ɗaya a ciki, irin na Brittany a Faransa da Galicia a Sifen. Wannan na gaskata, don wata abokiyar aikina da ta zauna Abu Dhabi ta ce can tara-tara suke bugawa maimakon sha biyar-sha biyar, a Turai kuma sha ɗaya-sha ɗaya, a filin ƙwallon ƙafa na aro, a yi gasar a gama cikin yini ɗaya kowa ya kama jirgin gida. Ummi ta ce ita wata rana za ta sa rigar Landan a Croke Park, babban filin GAA da ke Dublin. Na ce Allah ya sa. Auta ya yi barci da biskit a hannu.

Ni dai "mu" ɗin nan nake ta ƙirgawa har muka iso gida.

Na kwanta, barci ya ƙi. Da farko na ɗauka butulcin tsohon ne ke cina. Da na yi ta juyi sai na ga kishi nake yi da shi. Shi garinsu yana hawo jirgi ya zo ya same shi har unguwa, da tutoci da 'yan ƙauyensu da bai gani ba shekara da shekaru. Ya sa rigarsa, jikansa ya sa tasa, su yi wa juna ihu na minti saba'in, su dawo gida mota ɗaya. An yi wa rabuwar tasu fili da alƙali da lokacin tashi. Ni da Ummi fa? In Zariya da Landan suka yi karo a gidan nan, a kicin ake yi, a kan tuwo ko a kan gaisuwar da ba ta durƙusa ba, kuma ba wanda ke hura usur. Sannan zancen jirgin Knock. Mu ba ma jiran jirgi, inda rai ya yi halinsa nan ake sallah a kai mutum, kuma haka ya dace. Na sha raka gawa Gardens of Peace a Hainault, wuri ne mai tsabta, ba abin da zan ce. Amma ban taɓa zama na ce wa kaina can ne ba, sai yau da wani tsoho mai fenti a takalmi ya gaya mini nasa lissafin. Allah ya sa mu cika da imani.

Hajiya ta kira bayan la'asar. Na ce mata Ummi ta ci maki. Ta ce, "Mace da ƙwallo? To, a dai rufe jiki." Ta tambayi maganin ƙafarta, na ce yana hanya.

Wankin jesi ya zagayo kaina wannan makon. Jaka guda, laka har cikin aljihun jakar, ga robar kare haƙora ta wata yarinya a ciki, na ɗauke ta da tishu. Sai da injin ya yi zagaye biyu.

Abban Ummi ya dawo bayan isha, ya tarar da riguna shanye a kan kowace hita. Ya yi tambayarsa ta kullum, wai nawa kulob ke biyana. Na ce abin da ake biyan waɗanda ke cika Croke Park da mutum 82,000, wato babu. Malaman makaranta ne da manoma da 'yan sanda, Litinin kowa yana wurin aikinsa. Ya girgiza kai ya ce waɗannan mutane ba su san kasuwa ba. Duk da haka ya ce in sa sunanmu a tikiti huɗu, amma in tabbatar an ba mu ɓangaren 'yan Landan, kada mu faɗa cikin su Baba Mayo a yi mana rotse. Ummi ta ce ai babu ɓangare, a wasan GAA kowa cakuɗe yake zama. Ya ce shi da ya san abin da ake yi a Wembley, sai ya gani da idonsa.

Gobe ma dare nake. Ban yi guga ba.