Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Wata Uku Ina Kwance

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, Juma'ar da ta wuce na taka da ƙafata na je masallaci da sanda ɗaya kacal, bayan wata uku ina jinyar karayar da na samu a hatsarin mashin tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi. Waɗanda suka tsaya a bakin titi suka ɗauke ni ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, Allah Ya san su, Ya saka musu da alheri. Haka ma'aikatan jinya, da 'yan'uwa da suka yi ta zirga-zirga daga Jega da Argungu da kwanukan abinci.

Inna ba ni da bakin gode miki. Ke kika san daren da ba a yi barci ba.

Akwai kuma godiyar da wasu za su ga ƙarama ce, ni kuwa a wurina babba ce. A mako na uku ciwon ya fara sauƙi, sai zaman wuri ɗaya ya zama shi ne ciwon. Ga zafin bazara irin namu, ga bango huɗu, ga abokai kowa ya koma neman abincinsa. Na fara ƙin magana da kowa. Ran nan sai ga abokina tun na firamare ya shigo da wata 'yar jaka, ya ajiye mini Nintendo Switch ɗinsa, wata 'yar na'urar wasan bidiyo ta hannu, a gefen katifa, ya ce in riƙe har sai na miƙe. Wasan da ke ciki shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda ya fito a 2017.

Da ina jin sunan, na ɗauka Zelda shi ne yaron mai takobi. Ashe Zelda gimbiya ce, yaron kuma Link sunansa. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fara wannan jerin wasanni tun 1986, kuma Shigeru Miyamoto, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, ya ɗauko tunanin ne daga yawon dazuka da kogunan dutse da ya yi yana yaro a yankin Kyoto. Da na ji haka sai na gane dalilin da ya sa wasan ba ya hanzarta mutum. Kana iya barin yaƙi da Ganon, mugun da ke cikin labarin, ka yini kana yawo a Hyrule, ƙasar da ke cikin wasan, ba mai ce maka kanzil.

Abin da ya kama ni tun farko shi ne yadda labarin ya buɗe. Link ya farka daga barcin shekara 100, ba ƙarfi, ba makami, bai ma tuna ko shi wane ne ba. In ya kama hawa dutse akwai wata koriyar da'ira da ke raguwa a gefensa, in ta ƙare sai ya sulmiyo. Ƙarfin nan ba ya ƙaruwa sai ka bi ɗakunan gwaji, guda 120 ne warwatse a ƙasar, duk huɗu da ka ci ka samu ɗan ƙari. A daidai lokacin ni ma ake koya mini ɗaga ƙafa daga katifa, yau sau biyar, gobe sau bakwai, gumi na zuba. Wallahi akwai ranar da na so in ce na gaji, sai na tuna dutsen da ya kayar da ni sau uku jiya amma na hau shi da safe. Na cije na ɗaga.

Ƙanena ya cancanci tasa godiyar. Batirin na'urar bai fi awa uku yake yi da wannan wasa ba, wuta kuma kun san halinta. Kullum shi ke kai ta wurin mai cajin waya na bakin layinmu, wanda ke da sola, ya jira ya dawo da ita. Mai cajin nan tunda ya ji ta majinyaci ce bai ƙara karɓar ko sisi ba. Malam, Allah Ya ƙara buɗi.

Ranar da na isa wani ƙauyen masunta a cikin wasan, Lurelin, na ga Link ya faɗa ruwa yana kama kifi da hannu, sai na kira Kawu da ya zo dubiya daga Argungu na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga ba mu labarin Matan Fada, da gora da homa, da yadda ake gane ramin babban kifi. Har na dafa kifin da shinkafa a tukunyar wasan, Inna ta leƙo tana tambaya ko can ma Kabawa ne. Daren nan ne na fara yin dariya tun bayan hatsarin. Sharaɗinta ɗaya ne, da an kira salla a ajiye, kuma an kiyaye.

Aboki, na gama ɗakuna 64, ban shiga fadar da Ganon yake ba tukuna. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan kawo maka kayanka har gida da ƙafata, mu shiga tare.